Ƙungiyarmu ta watse sau biyu: anya ƙauye zai iya fitar da kansa daga talauci?

Wani matashi daga wani ƙauye a arewacin jihar Katsina ya aiko da tambaya. Ya ce sau biyu suna kafa ƙungiyar ci gaban garinsu, sau biyu tana watsewa. Ta farko rigimar kuɗin gyaran famfo ce ta kashe ta, ta biyu kuwa mutane ne suka daina zuwa taro tun ba a tara ko sisi ba. Yana so ya sani: anya mutanen karkara za su iya rage talaucinsu da ƙoƙarin kansu, ko kuwa sai ran da gwamnati ta waiwaye su? In kuma za su iya, ta ina ake kamawa?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ji daɗin tambayar nan, domin wanda ya faɗi sau biyu kuma bai fasa tambayar hanya ba, da sauran ƙarfi a jikinsa. Na yi shekaru masu yawa ina aikin malamin gona a ƙauyukan kan iyaka, tsallaken nan da tsallaken can, kuma yawancin abin da zan gaya maka a gindin bishiya na koye shi, a bakin manoma da matan asusu.

Za su iya. Na gani da idona. Amma abin yana da iyaka, kuma hanyarsa ta bambanta da wadda ake yi mana wa'azi a kanta. Duk taron ƙungiyar da ka je, sai wani ya miƙe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gaskiya ne. Sai dai ba a cika tsayawa a tambayi jinkar ɗakin wa za a ɗauka ba, kuma a daidai nan ƙungiyoyinmu suke mutuwa.

Ka tuna gayya yadda iyayenmu suke yin ta. Gonar tana da mai ita. Shi zai bi gida gida da goron gayya, matansa su kwana daka, a dama fura, a tuƙa tuwo, makaɗi ya zo da gangar noma. Kowa yana ganin wanda ya fito da wanda ya noƙe, kowa yana ganin kunyoyin da wane ya tayar. Kafin la'asar aiki ya ƙare, ga shi nan a fili. Wanda ya ƙi zuwa ba a kai shi gaban alƙali, ran da tasa gayyar ta tashi zai ga amsa. Yanzu kwatanta wannan da ƙungiyar da kuka kafa. Akwai shugaba, akwai sakatare, akwai ma'aji, wataƙila har da hatimi da takardar rajista daga ƙaramar hukuma. Amma in ka tare wani mamba a hanya ka ce masa, cikin abin da kuke yi wanne ne naka, yaushe za ka gan shi, kuɗin kuma yanzu haka nawa ne kuma a hannun wa suke, ba zai iya ba ka amsa ba. Mutumin da yake auna gero da tiya don ya kai iyalinsa kaka ba zai dinga barin gonarsa yana zuwa taron da bai san rabonsa a ciki ba. Ni ban ga laifinsa ba.

Bari in kai ka Maraɗi, tunda tana kusa da ku, yare ɗaya, ƙasa ɗaya, gero ɗaya.

Bayan farin da aka sha a farkon shekarun 1970, ƙasar Maraɗi ta zama fili fetal. Jama'a ta ƙaru, an share daji an shuka gyaɗa da gero, kuma malaman gona na wancan zamani sun koya wa mutane cewa manomin kirki shi ne wanda gonarsa take tas, babu kututture babu tsiro. Sai iska ta samu hanya. Manomi zai yi shuka, yashi ya taso ya binne ta ko ya yanke ta tana ƙarama, ya sake, ya kuma sakewa. Mata suna tafiya mai nisa neman itacen girki, wasu suna ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki. An kashe maƙudan kuɗi wajen renon itatuwa a leda ana rabawa, irin su turare da dogon yaro, ana kafa gandun gari. Mafi yawansu sun mutu. Awaki sun ci wasu, rani ya kashe wasu, saura kuma babu wanda ya ɗauke su nasa balle ya ba su ruwa.

Wani masanin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda yake aiki da ƙungiyar mishan ta SIM, yana cikin masu rabon itatuwan nan, kuma ya kusa fid da rai. A 1983 ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayar motarsa saboda yashi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro da ya saba ɗauka ciyawar banza ce. Da ya duba ganyen sai ya ga ashe bishiya ce da aka sare tun tuni, saiwarta tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara tana tofowa, kowace shekara ana sassabe ta. Irinta kuwa ba su ƙirguwa a gonakin. Dajin da ake kukan ya tafi yana nan kwance a ƙasa.

Dabarar da ta fito daga nan ita manoman Maraɗi suka raɗa wa suna sassaben zamani. Wani dattijo ya taɓa nuna mini ita a gonarsa, kuma har yau ina ganin hannunsa. Ya durƙusa gaban wani kututturen kalgo da ya fitar da rassa sun fi goma. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya zaɓi uku da suka fi miƙewa da kauri, ya sare sauran. Sannan ya bi waɗannan ukun ya rage musu ƙananan rassan ƙasa har zuwa rabin tsayinsu, yana sara daga ƙasa zuwa sama da lauje mai kaifi don kada ɓawon ya ɗaye. Ya tattara abin da ya sare ya ce wannan na uwargida ne, girkin kwana biyu. Ya yago tsumma ya ɗaura a jikin reshe guda, alamar cewa wannan yana da mai shi. Duka duka bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba. Babu leda, babu ban ruwa, babu kuɗin kowa. Saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, shi ya sa irin wannan itace yake girma da sauri fiye da dashe nesa ba kusa ba.

To amma kada ka ɗauka daga jin dabara mutane suka rungume ta. Manoman farko da suka gwada dariya aka yi musu, ana cewa ga ƙazaman manoma masu dattin gona. Da yunwar 1984 ta zo, wadda mutanen can suke kira El-Buhari, sai aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona. Aka bar kusan rabin miliyan. Da abincin ya ƙare, aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Ka riƙe wannan da kyau: itacen da aka bari don buhun tallafi, da tallafin ya yanke shi ma ya tafi. Waɗanda suka bar nasu kuwa, bayan 'yan shekaru maƙwabta suka ga suna da itacen girki, suna da sandunan rumbu da na danni, suna da ganye da 'ya'yan itace na dabbobi a bazara, shukarsu kuma iska ba ta binne ta. Gani ya kori ji. Daga nan abin ya dinga tafiya daga manomi zuwa manomi, a kasuwa, a wurin biki, a wurin jana'iza.

Babban abin da ya tare hanya tun farko doka ce. Tun zamanin Faransa, itatuwa masu daraja a hannun hukuma suke. Gawon da ya tsiro a tsakiyar gonarka, in ka sare reshensa ba da izini ba, malamin daji yana iya cin ka tara. To wane mai hankali ne zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami kafin ido ya gan shi. Da ma'aikatan daji na Maraɗi suka sassauta, suka yarda wanda ya reni itace a gonarsa ya amfana da shi, daga baya kuma dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 suka ƙara wa manomi ƙarfin gwiwa, sai lissafi ya juya. Mutumin nan da ake zargi da kashe daji shi ne ya koma mai gadinsa, ba tare da an canza masa hali ba. Abin ne kawai ya zama nasa.

Za ka ce to ina haɗin kai a nan, tunda kowa gonarsa yake gyarawa? Yana nan, kuma in babu shi da komai ya rushe. Itace ba ya shiga ɗaki a kulle. Kana barci wani zai zo da gatari cikin dare, ko makiyayi ya hau gawonka ya sassare wa shanunsa, ko yara su kwashe sandunan. Mutum ɗaya ba zai iya tsare gonarsa dare da rana ba. A ƙauyen Ɗan Saga, cikin gundumar Agiye, mutanen gari suka zauna suka kafa kwamitin sa ido, suka yanka wa kansu dokoki da tara, kuma suka yi abin da ƙauyuka da yawa ba sa yi: suka sa mata a ciki, suka sa Fulani makiyaya. Hikimar a bayyane take. Mace ce mai neman itace, makiyayi ne mai neman ganye, dokar da aka yanka ba da su ba a kansu za ta fara karyewa. Daga baya har kasuwar itace suka buɗe, wanda ya reni itatuwa ya sayar da abin da ya rage da kansa. Itacen na mutum ɗaya ne, tsaron na gari ne. Gayyar ce dai ta dawo da wata riga.

Da masana suka zo suka kwatanta tsofaffin hotunan sama na 1975 da hotunan tauraron ɗan'adam na bayan shekara talatin, cikinsu har da Chris Reij da Gray Tappan da masanan Nijar kansu, sun ƙiyasta cewa gonakin da suka sake yin itatuwa sun kai hekta miliyan 5, itatuwan kuma kimanin miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Sun kuma ƙiyasta ƙarin hatsin da ake samu ya kai tan 500,000 a shekara. A yankin Magarya, Matamaye da Miriya, gawo ne ya fi yawa, kuma can ba su jira wani Bature ba, domin girmama gawo tsohuwar al'ada ce a Damagaram. Duk manomi ya san dalili: shi ne itacen da yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore da rani ya ba dabba inuwa da 'ya'ya, dabbar ta bar kashinta a gindinsa. Geron gindin gawo daban yake, ko makaho ya shafa zangarniyar zai gane. A 2018 aka ba Rinaudo babbar lambar yabo ta Right Livelihood tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da dabarar ramukan zai, wato ƙananan ramukan shuka da ake zuba wa taki su riƙe ruwan sama. Sun cancanta. Amma hannuwan da suka yi aikin na dubban manoma ne da babu wanda ya rubuta sunayensu.

Misali na biyu ya fi kusa da ciwonku, domin maganar kuɗi ce. A 1991, a nan ƙasar Maraɗi dai, ƙungiyar CARE ta fara wani tsari da matan karkara, aka kira shi Mata Masu Dubara. Ba a kawo musu jari ba. Adashen da suka gada aka ɗauka aka gyara masa zama. Mata ashirin da biyar zuwa talatin, waɗanda suka zaɓi junansu da kansu, suna haɗuwa kowane mako, kowacce ta zuba abin da aka yi yarjejeniya. Maimakon mutum ɗaya ya kwashe kamar adashe, sai kuɗin su taru a akwati, mai bukata ta ci bashi ta yi sana'a ta mayar, in shekara ta zagayo a fasa a raba.

Na zauna a irin wannan taro a wani tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi, an ajiye akwatin ƙarfe a tsakiya da kwaɗo uku a jikinsa. Makullan suna hannun mata uku, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Kafin a buɗe, shugaba ta tambayi taro nawa aka rufe da shi makon jiya, suka amsa baki ɗaya. Aka buɗe, mata biyu suka ƙirga a kan faifai a gaban kowa, ya yi daidai. Sannan aka dinga kiran suna, kowacce ta taso ta ajiye nata, wata dala goma, wata dala ashirin, ana faɗa da ƙarfi. Wata ta makara, ba a yi mata faɗa ba, ta jefa tararta a kwano ta zauna. Kusan dukansu ba su yi boko ba, amma babu wadda ba ta san kuɗin akwatin nan har ƙwandala ba. Akwai kuma ɗan kwano na daban na taimakon juna, na haihuwa da rashin lafiya da gobara. Wannan tsarin ne ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta, miliyoyin mutane suna cikinsa yau, kuma a Nijar matan asusun nan har takarar kansila suka dinga tsayawa suna ci tun daga zaɓen ƙananan hukumomi na 2004. Macen da ta saba miƙewa ta yi lissafi a gaban mata talatin, bakinta ya riga ya buɗe.

Na san abin da zai zo ranka, kuma ya kamata ya zo: ƙarin da ake ɗorawa a kan bashin. A tsarin yadda aka faro shi, mai cin bashi tana mayarwa da ɗan ƙari, kuma malamai da yawa suna ganin wannan riba ce ko da ribar za ta dawo wa masu asusun. Ni ba mai fatawa ba ne, ku zauna da malaminku tun kafin ku fara. Amma na ga ƙungiyoyin da suka kauce wa wannan ba tare da sun rasa komai ba. Bashi a mayar da shi yadda aka karɓa. Ribar kuma a neme ta a ciniki: a sayi gero ko wake da kaka a ajiye, a turke raguna don layya, ko ƙungiya ta sayi kayan sana'a ta sayar wa mamba da riba sananniya ya biya a hankali.

Kada in cika ka da labarin nasara, bari in gaya maka wanda ya lalace a hannunmu. Wata ƙungiyar agaji ta taɓa gina rumbun hatsi na gari a wani ƙauye da nake aiki, ta cika shi da buhunan gero, da niyyar a sayar wa mutane da sauƙi a tsakiyar damina a sake cikawa da kaka. Mu muka kira taro, mu muka ce a zaɓi kwamiti, aka zaɓi waɗanda ba a iya ƙin zaɓa: ƙanin mai gari, ɗan liman, da wani mai hali. Damina ta yi tsanani, mutane suka zo neman bashi, wa zai hana ɗan'uwansa hatsi yara suna kuka? Aka bayar. Da kaka ta yi, babu wanda ya ga dalilin biya, domin a wurinsu hatsin na masu farar mota ne, rabo ne Allah ya kawo. Shekara biyu rumbun ya koma ɗakin ajiye kara. Abin ya daɗe yana yi mini ciwo, domin mutanen nan ba ɓarayi ba ne, yunwarsu kuma gaskiya ce. Mu ne muka fara gini daga jinka. A garin da ke kusa, matan asusu da kuɗin hannunsu suka sayi buhunan da ba su kai rabin namu ba, kuma tiya ɗaya ba ta salwanta ba, domin duk wadda ta ci ba ta biya ba ta san idon da za ta haɗu da shi ranar taro.

Akwai wata dabarar da ta fi rumbun kyauta lafiya, wadda hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta yaɗa a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990. Manoma su haɗa amfaninsu da kaka a ɗakin ajiya guda, kowane buhu da sunan mai shi, a sa kwaɗo biyu, ɗaya na ƙungiya ɗaya na mai ba da lamuni. A ba kowa bashin wani kaso na darajar kayansa ya yi sana'ar rani. In farashi ya tashi ya biya ya ɗauki buhunsa. Wannan yana maganin ciwon da ya fi cin manomi, wato sayar da gero da arha da kaka a sayo shi da tsada da damina. Ka lura, a nan ma buhun yana da suna.

Sai maganar gwamnati. Masu cewa ƙauye ba ya bukatar kowa sukan kawo misalin Koriya ta Kudu, amma rabin labarin suke faɗa. A 1970 shugaba Park Chung-hee ya ƙaddamar da shirin Saemaul Undong, wato yunƙurin sabon ƙauye. Aka raba wa ƙauyuka 33,267 siminti, kowanne buhu 335, aka ce su zaɓi aikin da zai amfani kowa su yi da hannunsu. Da aka zagayo dubawa, kimanin 16,600 da suka yi abin kirki aka ƙara musu buhu 500 da tan ɗaya na rodi, sauran ba a ba su komai ba, kuma da yawa cikinsu kishi ya sa suka tashi da abin hannunsu. Darasin taimakon wanda ya fara motsi darasi ne mai kyau. Amma tun wajen 1950 an riga an raba wa manoman Koriya gonakin da suke haya, gwamnati tana sayen shinkafa da daraja, tana kai lantarki, masana'antun birni suna ɗaukar 'ya'yansu aiki, kuma mulki ne na ƙarfi da ba a yi masa musu. A Tanzaniya kuma an ga ɗaya fuskar. Wasu ƙauyuka a yankin Ruvuma, da Litowa a gaba, sun haɗa kansu tun farkon shekarun 1960, suna da makarantarsu da injin niƙansu da na yankan katako, su suke yanke shawararsu. A 1969 jam'iyya mai mulki ta rushe ƙungiyar tasu, daga 1973 kuma aka shiga tattara miliyoyin mutane cikin ƙauyukan ujamaa, wato ƙauyukan zama da noma na haɗin gwiwa, da ƙarfin hukuma, noma ya ja baya. Abin da mutane suka gina da son ransu aka kashe, aka maye gurbinsa da umarni. Mu ma nan mun sha ganin ƙungiyoyin da ake haifa dare ɗaya da an ji ƙishin-ƙishin tallafi, su mutu ranar da aka gama rabo.

Akwai kayan da ƙauye ba zai iya ɗauka ba ko da kowa ya fito. Ba zai shimfiɗa kwalta ba, ba zai ɗauki likita ba, ba zai tsayar da farashin taki ba. Uwa uba tsaro. Ku da kuke arewacin Katsina kun fi ni sanin cewa gonar da ba a iya zuwa ba a yi mata sassabe na zamani ko na da, kuma rago ba ya turkuwa a garin da ake kore dabbobi cikin dare. Wannan haƙƙi ne a wuyan hukuma, kuma kada maganar dogaro da kai ta zama hanyar sauke mata shi. Ita Maraɗin ma, da duk itatuwanta, tana cikin yankunan da talauci ya fi yi wa katutu, gonaki suna ƙara tsukewa saboda yawan magada, kuma yunwar 2005 ta taɓa ta sosai. Abin da itatuwa da asusu suka yi shi ne, ran da damina ta gaza, gida yana da abin sayarwa kafin a kai ga sayar da gona ko akuyar ƙarshe. Wanda ya taɓa ganin magidanci ya sa hannu a takardar sayar da gonar gado saboda buhu uku ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan ka sa ido kan waɗanda irin wannan ci gaba yakan tsallake: marar gona, bazawara, baƙon da ya zauna a gefen gari, makiyayin da burtalinsa ya shige cikin gonaki. In ba a kira su da suna an ba su wurin zama ba, ƙungiya takan zama ta masu hali kaɗai.

Yanzu ga naku. Kada ku sake kafa ƙungiyar gari gaba ɗaya tukuna, ta yi faɗi, kuma tabon ta farko bai warke ba. Kafin komai, maganar kuɗin famfon nan a fito da ita a gaban mai gari da liman a kashe ta, ko biya ko yafiya, domin muddin tana binne duk wanda ka ce ya kawo naira zai tuna da ita. Sannan famfon kansa: ku bar tara kuɗi sai ya lalace. A sa ɗan abu kaɗan a kan kowace jarka ko kowane gida a mako, a danƙa karɓar a hannun matan da suke ɗibar ruwan, su ne mai ɗakin da ya san inda yake masa yoyo. Akwati mai kwaɗo uku, ƙirga a fili ranar da kowa ya sani, a rubuta a allo a jikin bangon masallaci ko makaranta. Ku tura saurayi ɗaya ya koyi gyara wurin makanikin famfo, ku sayi robobi da ƙananan kayan da suka fi lalacewa ku ajiye tun famfon yana aiki. In wata shida suka wuce ruwa bai yanke ba, ba sai kun roƙi kowa ya zo taro ba.

Kai kuma nemi mutum goma sha biyar zuwa ashirin da kuka yarda da juna, waɗanda ƙarfinku ya yi kusa, ku buɗe asusunku da abin da mafi rauninku zai iya zubawa kowane mako ba tare da ya ji jiki ba. Ku yanka dokokinku da bakinku, har da tarar makara, kuma ranar da dokar ta hau kan babba a cikinku ku karɓa. Shekarar farko kada ku nemi tallafin kowa, kada ma ku karɓa in an kawo, sai kun fasa akwati sau ɗaya kowa ya riƙe rabonsa a hannu. Bayan nan in kun je ƙaramar hukuma, da littafinku za ku je, kuna cewa ga abin da muka yi, ga inda ƙarfinmu ya tsaya.

In hanya ta yi lafiya, ku haɗa kuɗin mota ku tura mutum uku, da mace a cikinsu, su bi ta Jibiya su shiga Maraɗi, su wuce Agiye a kan hanyar Damagaram, su kwana biyu a gidan manoma suna tambaya. Kafin nan kuma, bazarar nan in ka shiga sassabe, ka tsaya a kan kututturen kalgo ko sabara ko magarya na farko da ka tarar, ka zaɓi rassa uku ka bari, ka ɗaura tsumma. Ka gaya wa maƙwabtan gonarka na gabas da na yamma abin da kake yi da dalilinsa, ka kuma je rugar da ke kusa ka gaya wa arɗo tun kafin shanu su sauko.